Illar magunguna: tsakanin wasan kwaikwayo da gadon asibiti

Duk mai kallon wasannin kwaikwayo ya san yadda guba ke aiki a talabijin. Mutum ya kurɓa, ya kama maƙogwaro, kumfa ta fito masa a baki, ya yanke jiki ya faɗi. Kafin shirin ya ƙare, ko dai ya cika, ko kuma likita ya fito ya yi wa 'yan uwa albishir.

A asibiti kuwa ba haka lamarin yake ba. Yawancin magungunan da ke lalata hanta ko ƙoda a ɓoye suke ɓarnarsu, kuma sai bayan kwanaki alamun ke bayyana.

Wannan bambanci ba ƙarami ba ne ga mazauna wurare irin su Gaya da Ajingi, ƙananan hukumomi biyu da ke gabashin jihar Kano, a kan iyaka da jihar Jigawa.

Ƙidayar jama'a ta shekarar 2006 ta nuna Gaya na da mutane sama da dubu 200, Ajingi kuma sama da dubu 170, akasarinsu manoma. Akwai babban asibiti a garin Gaya, amma wanda ƙodarsa ta tsaya sai an ɗauke shi zuwa babban birni, galibi ta hanyar Wudil zuwa Kano, inda ake da na'urorin wankin ƙoda kamar na asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano.

Shirye-shirye masu dogon zango irin su Daɗin Kowa da Kwana Casa'in da Labarina, da fina-finan Indiya da aka fassara, suna isa waɗannan garuruwa ta tauraron ɗan adam da wayar hannu. Mutane da dama sun ga ɗakin kula da masu matsanancin ciwo a fim tun kafin su taɓa ganinsa da idonsu.

Idan har abin da mutum ya koya shi ne guba kan kayar da mutum nan take, to zai ɗauka wanda ya sha magani fiye da ƙima ya kuma tashi yana hira ya tsira. A lokacin ne kuwa ya fi bukatar likita.

Hanta: kwana uku na yaudara

Farasitamol, wanda ake sayarwa a kowane kemis, shi ne misalin da likitoci suka fi bayarwa. Magani ne mai amfani kuma marar haɗari idan aka sha shi bisa ƙa'ida.

Hanta ce ke sarrafa shi. Wajen wannan aiki wani ɗan kaso na maganin kan rikiɗe ya zama sinadari mai cutarwa, amma hanta na da abin da take kashe kaifinsa da shi. Idan maganin ya yi yawa sai wannan kariya ta ƙare, sinadarin ya shiga cin ƙwayoyin hantar kanta.

A rana ta farko mai yiwuwa mutum bai ji komai ba, ko kuma ya ji tashin zuciya da amai kawai. A rana ta biyu aman kan lafa, har a zaci sauƙi ya samu, alhali gwajin jini zai nuna hanta ta fara lalacewa.

Sai a rana ta uku zuwa ta huɗu ne idanu ke yin ruwan ɗorawa irin na ciwon shawara, jini ya ƙi daskarewa, hankali ya gushe, wani lokaci ƙoda ma ta biyo baya.

Akwai makarin wannan guba, wani magani mai suna asetilsistin. Idan aka fara bayar da shi cikin sa'o'i takwas na farko, kusan ko da yaushe yana kare hanta. Bayan nan amfaninsa na raguwa, ko da yake likitoci na ci gaba da bayar da shi.

Ma'ana dai, lokacin da makarin ya fi aiki shi ne lokacin da majinyacin bai yi kama da majinyaci ba. Wannan ne abin da wasan kwaikwayo ke da wuyar nunawa, domin babu abin kallo a jikin mutumin da ke zaune lafiya lau.

Ƙa'idar da aka sani ga baligi mai lafiya ita ce kada ya wuce giram huɗu cikin sa'o'i 24, wato ƙwaya takwas masu miligiram 500, kuma a rarrabe ba a lokaci guda ba. Ga marar ƙiba sosai, ko mai ciwon hanta, ko mai shan barasa, adadin bai kai haka ba.

Wannan togaciya ta shafi mutane da yawa a Najeriya, inda wani binciken ƙasa na shekarar 2018 ya gano kimanin kashi 8 cikin ɗari na baligai na ɗauke da ƙwayar cutar hanta nau'in B.

Haka kuma magungunan mura da na ciwon jiki da dama na ɗauke da farasitamol a cikinsu. Mutum kan haɗa biyu ko uku ya wuce ƙa'ida bai sani ba, ba tare da nufin cutar da kansa ba.

Ƙoda: alamar farko ita ce ɗaukewar fitsari

Najeriya ta sha ganin yadda gurɓataccen magani ke tsayar da ƙoda, kuma a kowane karo ba a ga mai faɗuwa nan take ba.

A shekarar 1990 yara 47 suka rasu a asibitin koyarwa na jami'ar Jos, bayan an ba su farasitamol na ruwa wanda aka haɗa da sinadarin dayetilin gilaikol. Sinadari ne na masana'antu mai ɗan zaƙi, wanda akan sa da ganganci ko bisa kuskure a madadin ruwan haɗa magani mai tsada.

A ƙarshen shekarar 2008 hakan ya sake faruwa da wani maganin haƙoran jarirai mai suna My Pikin. Asibitin koyarwa na jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya na cikin wuraren da aka fara ganin yaran. Ya zuwa watan Fabrairun 2009 hukumomi sun ce yara 84 sun rasu, kuma a 2013 wata kotun tarayya a Legas ta yanke wa ma'aikatan kamfanin biyu hukuncin ɗaurin shekara bakwai.

A 2022 kuma yara kimanin 70 suka rasu a ƙasar Gambiya, lamarin da ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi a kan wasu magungunan tari da mura guda huɗu da aka yi a Indiya.

Yadda ciwon ke tafiya kusan iri ɗaya ne: amai da gudawa da farko, sannan bayan kwana ɗaya zuwa uku yaro ya daina fitsari, jiki ya kumbura, numfashi ya canza. Saboda yaran na da zazzaɓi tun asali, iyaye da dama sun ci gaba da ba su maganin da ke cutar da su, suna zaton ciwon ne ya ƙi sauka.

A jihar Kano ma an ga makamancin haka a 2021, ko da yake ta hanyar abin sha ne ba magani ba. A watan Afrilun shekarar ma'aikatar lafiya ta jihar ta ce mutane 10 sun rasu, wasu kimanin 400 sun kwanta asibiti, 50 daga cikinsu da matsalar ƙoda, bayan shan lemon da aka haɗa da gurɓataccen garin ɗan tsami. Fitsarin jini na cikin alamun da aka riƙa gani.

Sai dai haɗarin da ya fi kusa da manomin Gaya ko Ajingi ba irin wanda ke shiga labarai ba ne. Magungunan ciwon jiki irin su diklofenak da ibufurofen, waɗanda akan sa a cikin haɗin da ake kira maganin gajiya, suna rage jinin da ke zuwa ƙoda.

Ga wanda ya wuni a gona cikin rana yana gumi bai sha isasshen ruwa ba, ko tsoho, ko mai hawan jini ko ciwon sukari, shan su kullum na iya raunana ƙoda sannu a hankali, baya ga gyambon ciki da suke haddasawa. Allurar jentamaisin da ake yi ba da umarnin likita ba ita ma na iya taɓa ƙoda, ta kuma kashe ji.

Ƙoda ba ta saurin kuka. Mutum na iya rasa fiye da rabin ƙarfinta bai ji komai ba, sai dai gwajin jini da na fitsari su nuna.

Kodin da tiramadol

Shaye-shaye na cikin batutuwan da fina-finan Hausa suka fi taɓawa, kuma da dalili. Binciken da hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a farkon 2019, ya ƙiyasta mutane miliyan 14.3 ne suka yi ta'ammali da ƙwayoyi a Najeriya cikin shekara guda, sama da miliyan ɗaya daga cikinsu a jihar Kano.

A watan Mayun 2018 gwamnatin tarayya ta haramta haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin, bayan wani rahoton bincike na gidan talabijin na BBC.

A fim, wanda ya yi mankas kan yi tangaɗi da surutai da faɗa. Akan ga haka a zahiri, amma ba shi ne yanayin da ke kisa ba.

Kodin da danginsa suna danne sashen ƙwaƙwalwa mai kula da numfashi. Wanda ya sha fiye da ƙima kan yi kama da mai barci mai nauyi: yana minshari, numfashinsa jefi-jefi, ƙwayar idonsa ta tsuke, leɓɓansa su canza launi. Abokai kan ce a bar shi ya huta, da safe a tarar rai ya yi halinsa.

Tiramadol kuma, baya ga wannan, na haddasa jijjiga irin ta farfaɗiya ko ga wanda bai taɓa yi ba.

Fim ɗin Amurka na Pulp Fiction na 1994 ya shahara da wani wuri inda aka farfaɗo da wata mata ta hanyar caka mata allura a zuciya. Likitoci ba sa yin haka. Abin da ake yi shi ne taimaka wa numfashi da bayar da makari mai suna naloksan, kuma ko bayan mutum ya farka sai an ci gaba da sa masa ido, domin makarin kan riga ƙwayar barin jiki.

Inda fim ya kusanci gaskiya

Akwai gubar da ke aiki kusan yadda ake nunawa, kuma ita ce ta fi yawa a gidajen manoma: magungunan ƙwari irin su fiya-fiya da Sniper, masu sinadarin daikulobos.

Cikin mintuna ko 'yan sa'o'i mutum zai fara dalalar da yawu, da gumi, da hawaye, da amai, huhunsa ya cika da ruwa. A nan akan ga kumfar baki irin wadda ake gani a fim. Gubar na shiga ta fata da ta numfashi, ba sai an haɗiye ta ba, shi ya sa mai feshi ba kariya ke cikin haɗari.

A 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben wannan sinadari a kasuwanni da shaguna, bayan yawaitar mace-mace.

To amma ko a nan akwai kuskuren da aka gada, a fim da kuma a gida: ɗura wa mutum manja ko madara ko ruwan gishiri don ya yi amai. Babu ɗayansu da ke karya guba, kuma ga wanda hankalinsa ya fara gushewa abin da aka ɗura kan zarce huhu ya ƙara masa wani ciwon. Makarin wannan guba allurar atirofin ce, kuma a asibiti ake yin ta.

Maganin ciyawa na farakwat kuwa ya saɓa wa tsarin fim baki ɗaya. Bayan ƙunar baki da amai mutum kan ji dama, sannan ƙoda ta taɓu, huhu kuma ya riƙa ƙandarewa cikin kwanaki ko makonni. Ba shi da makari.

Likitan fim da likitan gaske

A wasan kwaikwayo likita kan duba majinyaci sau ɗaya ya faɗi abin da ya sha da gaɓar da ta lalace. A zahiri sai an yi gwajin jini, an maimaita, an auna fitsarin da ake yi a rana, an kuma tambayi duk abin da mutum ya sha, har da na gargajiya.

Wani lokaci ma illar magani ba ta bayyana sai mutane masu ɗimbin yawa sun sha shi. Mutanen Kano ba su manta da Trovan ba, maganin da kamfanin Pfizer ya gwada a kan yara a lokacin annobar sanƙarau ta 1996, abin da ya jawo doguwar shari'a da aka sasanta a 2009. Illarsa ga hanta ba ta fito fili ba sai a 1999, bayan an rubuta wa mutane shi sau miliyoyi a Amurka, inda hukumomi suka taƙaita amfani da shi, Turai kuma ta dakatar da shi.

Warkewa ma a fim ta fi sauri da yawa. Wani bincike da aka buga a 1996 a mujallar likitoci ta New England ya duba shirye-shiryen Amurka uku, ciki har da ER, ya ga kashi 75 cikin ɗari na waɗanda zuciyarsu ta tsaya an farfaɗo da su. A asibitocin Amurka na gaske, kimanin mutum ɗaya cikin huɗu ne ko ƙasa da haka ke komawa gida da rai.

Wani binciken na 2005 ya gano kashi 89 cikin ɗari na masu doguwar suma a wasannin kwaikwayon Amurka sun warke sarai.

A ɓangare guda kuma, fim kan wuce gona da iri wajen yanke ƙauna. Da an ce ƙoda ta tsaya sai labari ya koma neman miliyoyin kuɗin dashe.

Gaskiyar ita ce tsayawar ƙoda iri biyu ce. Wadda ta zo farat ɗaya, kamar ta dalilin magani ko guba, sau da yawa takan warware idan aka daina shan abin da ya jawo ta, aka yi ƙarin ruwa bisa lissafi, ko aka yi wankin ƙoda na ɗan lokaci. Wadda ta daɗe tana cin jiki, galibi saboda hawan jini ko ciwon sukari, ita ce ke kai wa ga wanki na dindindin, wanda a ƙa'ida sau uku ne a mako, kowanne kimanin sa'o'i huɗu.

Dashe kuma ba aikin dare ɗaya ba ne. Asibitin Malam Aminu Kano ya fara yin sa tun 2002, kuma yana bukatar gwaje-gwajen dacewa tsakanin mai bayarwa da mai karɓa, da shan maganin hana jiki ƙin sabuwar ƙodar har ƙarshen rayuwa.

Ko kallo na canza halin mutane?

Amsa mafi ƙarfi ta fito ne daga Birtaniya. A watan Nuwamban 1996 shirin Casualty ya nuna wani matuƙin jirgin soja da ya sha farasitamol fiye da ƙima, aka kuma nuna daidai yadda hantarsa ta lalace daga baya.

Masu bincike ƙarƙashin Farfesa Keith Hawton na jami'ar Oxford sun bi diddigin abin da ya biyo baya a asibitoci 49, suka buga sakamakon a 1999. Adadin waɗanda aka kawo bayan sun sha magani don cutar da kansu ya ƙaru da kashi 17 cikin ɗari a makon farko, da kashi 9 a mako na biyu.

Wani binciken da aka buga tare da shi ya nuna masu kallon shirin sun ninka waɗanda ba su kalla ba wajen sanin cewa maganin na lalata hanta a makare.

Darasin biyu ne: wasan kwaikwayo na ilmantarwa, amma faɗin gaskiya kaɗai ba ya hana masu rauni kwaikwayon abin da suka gani. Shi ya sa jagorar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar wa masu shirya fina-finai a 2019 ta ba da shawarar kada a nuna hanyar da mutum ya bi wajen cutar da kansa dalla-dalla, a nuna maimakon haka yadda ake neman taimako.

Akwai kuma lokacin da shiri ya taimaki likita. A 2014 mujallar Lancet ta ba da labarin wani mutum a birnin Marburg na Jamus, wanda zuciyarsa ta raunana, ji da ganinsa suka kusa ɗaukewa. Likitansa ya tuna da wani kashi na shirin House, ya gano ƙarfen kobalt ne ke zuba a jininsa daga ƙugun ƙarfe da aka dasa masa.

A Amurka akwai wani shiri a jami'ar Kudancin Kalifoniya, wanda tun 2001 yake haɗa marubutan fina-finai da likitoci kyauta. A shekarar ce kuma aka kafa Hukumar Tace Fina-finai ta jihar Kano, wadda aka fi sani da sa ido a kan abin da ya shafi tarbiyya da addini da al'ada. Tantance bayanin lafiya kuwa nauyi ne da ya fi rataya a wuyan marubuci da mai ba da umarni.

Abin da likitoci ke ba da shawara

Duk wanda aka san ya sha magani fiye da ƙima, ko yaro ya sha abin da ba a tabbatar ba, a kai shi asibiti mafi kusa nan take, ko da yana cewa lafiyarsa ƙalau.

A tafi da kwalin maganin ko kwalbar, a kuma riƙe lokacin da aka sha. Da waɗannan biyu likita ke yanke shawarar makarin da zai bayar.

Kada a sa shi amai, kada a ɗura masa komai. Idan ya suma a kwantar da shi ta gefe. Idan maganin feshi ne ya zuba masa, a tuɓe masa tufafin a wanke fatarsa da ruwa da sabulu.

Raguwar fitsari, da kumburin fuska ko ƙafa, da canjin launin ido bayan fara wani magani, alamu ne na a dakata a nemi likita a ranar.

Ga mutumin Gaya ko Ajingi, wanda ke da tafiya a gabansa kafin ya kai ga na'urar wankin ƙoda, sa'o'in farko da majinyaci ke zaune yana magana su ne mafi tsada.